Hoto Guda Bai Isa Ba

Yau zancenmu a kan sankarar mama ne a ƙasar Sin.

Hoton mamogiram, watau eksire na nono, yakan nuna kitse baƙi-baƙi, tsoka kuwa fari fat. To, ƙullutun sankara ma fari ya ke fitowa. Saboda haka in nono ya cunkushe da tsoka, sai cutar ta ɓuya a ciki. Matan Sin galibi irin wannan nono gare su, cutar kuma ta fi kama su tsakanin shekara 45 da 55, tun kitse bai maye gurbin tsokar ba.

A 2015 likitocin Sin suka bayyana gwajin da suka yi wa mata fiye da 13,000. Cikin waɗanda aka duba da na'ura biyu, an sami 14 da sankara. Na'urar sauti, wadda a ke duba masu juna biyu da ita, ta gano su duka, mamogiram kuwa 8 kaɗai.

A ganina, kuskure ne a sallami irin wannan mace don hoto guda ya fito lafiya. Lalle likita ya gaya mata yanayin nononta, ya ƙara dubawa da sauti, gama sankarar da aka gano da wuri ta fi jin magani.

Sai wani mako kuma.