Tsohon lofe: a kai shi aji, kada a sake sa masa wuta

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da babban abin sha'awarsu shi ne tara tsofaffin tukwanen taba, wato abin da kakanninmu ke kira lofe. Suna bin kasuwannin gwanjo da shafin eBay, suna neman wanda mai shi ya rasu, magada suka zubar a araha. Sun san lofen da aka sassaƙa a garin Saint-Claude na Faransa, inda tun wajen shekarun 1850 ake yinsa da kututturen saiwar wani icce na gaɓar Bahar Rum. Sun san na farin dutse mai laushi da ake haƙowa a Eskişehir ta Turkiyya. Sun san na Dunhill, wanda ya buɗe kantinsa a Landan a 1907, har suna gane shekarar da aka ƙera shi daga lambobin da ke jikinsa. In sun saya, sai su kankare, su goge, su ɗauki bidiyo su sa a intanet.

Bidiyon nan suna faɗowa cikin wayoyin yaranmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, shi ya sa na ɗauko zancen. Ra'ayina shi ne mu ma mu tara tsofaffin tukwanen taba, amma don wata manufa daban: su zama kayan koyarwa a hannun malami.

Duk wanda ya kalli yadda masu tarawar nan ke wanke lofe ya ga hujjar da ta fi kowace nasiha ƙarfi. Da farko suna kankare baƙin ɓawon da ya daskare a cikin tukunyar. Sai su cika ta da gishiri su jiƙa da alkol, kashegari gishirin ya rine ya zama ruwan ƙasa. Sannan su riƙa zura ƴar waya mai auduga cikin bututun, fara ta shiga, baƙa ta fito, sau goma, sau ashirin. Su gyaran kaya suke yi. Ni kuwa abin da nake gani shi ne ragowar abin da ya bi ta bakin mutum shekara da shekaru. Wannan dauɗar ita ce ɗan abin da icce ya tare. Sauran ya wuce harshe da maƙogwaro da ƙirji.

Malamin ajin CM2 ko na CEG zai iya yin wannan gwajin ba tare da ya kashe ko dala ba. Ya samo tsohon lofe, ya naɗa auduga a tsinken tsintsiya, ya zura a bututun, ya zaro a gaban yara. Ba wuta, ba hayaƙi. Su gani, su ji warin daga nesa, shi kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Gani ya kori ji. Yaron da aka ce wa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara zai rubuta a littafinsa ya manta. Yaron da ya ga audugar nan da idonsa zai tuna da ita ranar da abokinsa ya miƙo masa bututun shisha.

Shisha ɗin ma ai lofe ce da aka yi wa ado. An ƙara mata ruwa da gawayi da ƙamshin ƴaƴan itace, har yara suka ɗauka ruwan yana tace guba. Ba ya tacewa. Tun a 2005 masanan hukumar lafiyar suka yi gargaɗin cewa zama guda na shisha zai iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya kai na sigari 100 ko fiye. Lofen kansa yana jawo ciwon dajin baki da maƙogwaro da huhu, ko da mai sha ya ce ba ya haɗiye hayaƙin.

Ga kuma darasin tarihi a cikin abu guda. Taba ba tsiron ƙasarmu ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito bayan 1492. Jakadan Faransa a Fotugal, Jean Nicot, ya aika da ita fadar sarkinsu wajen 1560, kuma daga sunansa aka samo kalmar nikotin. Ta iso Afirka ta Yamma wajen 1600, shi ya sa masu tonon kufai ke ɗaukar ɓallin lofen yumɓu a matsayin alama: in sun same shi a wani wuri, sun san an zauna a nan bayan wannan zamanin. Daga baya manomanmu suka shuka ta a fadamu, har a Gulbin Maraɗi, magina tukwane suka gina mata lofe, wasu suka riƙa sa garinta da kanwa a baki, mata suka goga furenta a haƙora. Ɗan lofe guda ya isa ya haɗa wa ɗalibi Amurka da Turai da kasuwar ƙauyensu.

Malamin lissafi ma yana da rabo. A ce mutum na sayen sigari na dala arba'in kullum, wato sefa 200. Yara su ninka da kwana 365, su ga jaka 73 a allo. Sai su je gida su tambayi iyayensu buhun hatsi nawa kuɗin nan zai saya.

Na san wasu iyaye za su ce kawo kayan taba cikin aji kamar talla ne, kuma abin da yaro bai gani ba ba zai yi sha'awarsa ba. Damuwarsu tana kan hanya, don masu tarawar can suna nuna lofe a kan tebur mai ƙyalli, kamar alamar dattako da wadata. Sai dai yaranmu sun riga sun gani. Sun ga mai tebur na sayar da sigari kara-kara, duk da dokar yaƙi da taba da Nijar ta kafa tun 2006. Sun ga shisha a wajen biki. Abin da ba su gani ba shi ne cikin bututun, kuma ba mai nuna musu shi sai mu. Sharaɗina dai lofen ya zauna a akwatin shugaban makaranta, malami kaɗai ke fito da shi, kuma a sanar da ƙungiyar iyayen yara tun kafin a fara.

Ga iyaye kuma, in akwai lofen kaka a ƙasan adaka, kada a miƙa wa dillalin kayan da don ƴan canjin da ba za su kai cefanen yini ba. A rubuta a ƴar takarda: na wane ne, daga wane gari, wa ya gina shi, shekara nawa ya yi yana sha, da wace cuta ya yi fama. Abu ba tare da labarinsa ba tarkace ne. Da labarinsa, shaida ne. A ba makarantar unguwa aro, ko a tuntuɓi Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.

Ranar 31 ga Mayu ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, kuma tana faɗowa kafin a tashi babban hutu. Ina roƙon kowane shugaban makaranta ya nemi lofe guda da ɗan ƙullin auduga kafin ranar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a.