Silima ba littafin tarihi ba ce

Mai karatu, ka san samarinmu na Gaya: sai su kwana kallon yaƙin Ƙudus a salula, gari ya waye suna hararar Kiristan da ya ƙetaro gada daga Malanbil cin kasuwa. To, ka gaya musu mai silima ɗan kasuwa ne, abin da zai sayu shi yake kasawa.

Dubi Kingdom of Heaven na 2005. An mai da jarumin, Baliyan, maƙerin ƙauye, alhali ɗan sarauta ne gaba da baya. An nuna Salahuddini ya sallami mutanen Ƙudus kyauta a 1187. Ina! Gaskiya ne bai yi kisan gilla irin na mayaƙan Salibi a 1099 ba, amma fansa aka biya: namiji dinari 10, mace 5, dubbai da suka kasa biya suka shiga bauta. Na Masar kuwa, na 1963, Balarabe ya mai da shi don ya yi kama da shugaba Nasir, ga shi Bakurde ne.

Kuma wace silima ta taɓa nuna maka 1204, shekarar da mayaƙan Salibi suka washe Kustantiniya, birnin 'yan'uwansu Kiristoci?