Wasiƙa Ga Masu Shagon Magani Da Masu Allura Na Habbena



A unguwar nan, mai ciwo ƙofarku yake fara bugawa kafin ya tuna da asibiti, shi ya sa na kawo kukana gare ku. Maganata a kan allurar seftiriyazon ce, wadda yanzu ake yi wa kusan duk wanda jikinsa ya yi zafi.

Ita da amoksisilin da ampisilin, wato kafson nan ja da baƙi, dangi ɗaya ne. Kowannensu na ɗauke da wani ɗan zobe na sinadari da ke hana ƙwayar cuta gina bangon jikinta, har ta fashe. To, wasu ƙwayoyin hanji irin su E. coli da Klebsiella suna fitar da sinadarin beta-laktamas, wanda ke datse zoben nan kamar almakashi, sai maganin ya zama ruwa kawai. Tun 1940 Abraham da Chain suka gano irinsa na farko a Ingila. Na yanzu, da ake kira ESBL, har seftiriyazon ba ya bari, kuma ƙwayoyin suna miƙa wa juna wannan gado ko ba jinsinsu ɗaya ba.

Kada ku ce abin na Turai ne. Binciken da Oumar Ouchar Mahamat da abokan aikinsa suka yi a manyan asibitoci uku na N'Djamena a 2017 ya nuna kusan rabin ƙwayoyin hanjin da aka ciro daga marasa lafiya suna da ESBL, galibinsu nau'in CTX-M-15. Sun kuma samu NDM-5 da OXA-181, masu karya imipenem, maganin da ake ajiyewa sai tura ta kai bango. A ɗakin gwaji abin a fili yake: ƙwayar takan yaɗu a faranti har ta manne da ɗan farin faifan maganin da ake ɗorawa a farantin, babu ko tazarar gashi.

Na san uwa kan zo da sefa 500 a ƙulle a bakin zane ta ce a ba ta kafso uku. Tausayi ne ke sa ku miƙa mata, ban musa ba. Amma ukun nan ƙwayoyin cuta masu rauni za su kashe, masu taurin kai su samu fili. Ku gaya mata gaskiya: ko cikakken adadi, ko ta kai yaronta a duba shi. Zazzaɓin cizon sauro da mura kuwa, seftiriyazon ba ta taɓa su ko kaɗan. A fara da gwajin jini.

Idan mace ta dawo da zafin fitsari bayan ta gama shan magani, don Allah kada ku sauya mata wani da ka. Ku tura ta a shuka fitsarin a yi antibiyogaram. Kwana biyu zuwa uku sakamakon ke ɗauka, kuma shi zai faɗi maganin da ya rage mata.

Wassalam,
Ɗan uwanku daga Habbena