Mota mai ƙishirwa

Ran Lahadi kasuwar Balleyara take ci. Tun da asuba mutanen Tondikandiya suke jiran mota a bakin hanyar Filinge, da hatsinsu da awakinsu. Mafi yawan motocin nan tsofaffi ne. Sun gama aiki a Turai ko Amurka ko Japon kafin su iso Nijar. Saboda haka dokar da aka yi ma mota a can tana shafar mu a nan.

A 1973 mai ya yi tsada ƙwarai a duniya. Sai a 1975 Amurka ta kafa doka, ta tilasta ma maƙeran motoci su rage shan man motocinsu. Cikin shekara 10 sabuwar mota ta koma shan kusan rabin man da take sha da. Amma a 2020 an sassauta dokar, a 2025 kuma aka soke tarar da ake ci ma wanda ya taka ta.

Masu son sassauci suna cewa mota mai tsimin mai tana da tsadar saye. Gaskiya ne, amma sau ɗaya ake sayen mota, mai kuwa kullum ake sayen shi. Araha ba ta ado.

Ku yi lissafi da kanku. A ce mota biyu sun yi tafiyar kilomita 100. Ɗaya ta sha lita 8, ɗaya ta sha lita 14. Wa zai biya lita 6 ɗin nan? Direba zai ɗora su bisa kuɗin mota. Manomin da ya ɗauko buhun wake daga Damana shi zai biya, ribarsa ta ragu. Hayaƙin kuma ya shiga ƙirjin yara.

Muna da matatar mai a Damagaram tun 2011. Duk da haka, a watan Maris na 2025 mai ya yi ƙaranci, motoci suka yi dogon layi a Yamai. Mai kamar ruwan rijiya ne da rani, ba a ɓarnar shi.

A ganina bai kamata a sassauta irin wannan doka ba. Mu ma ya kamata mu riƙa duba motar da ake shigowa da ita ƙasarmu, a san shekarunta, a san shan manta.

Yara, in kun shiga mota, ku tambayi direba lita nawa yake zubawa daga Filinge zuwa Yamai. Ku kawo amsar aji mu lissafa tare.