Ra'ayinmu: Mai hawan jini da ya daina shan magani

Likitoci sun san irin wannan majiyyaci. An auna shi an ga jininsa ya hau, ya sha magani wata biyu, sai ya ɓace, ba a sake ganinsa ba sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga da shanyewar ɓarin jiki. Nan take a ce sakaci ne.

Masu faɗin haka ba su rasa hujja ba. Hawan jini ba kasafai yake nuna alama ba, don haka wasu da sun ji daidai sai su ajiye ƙwaya su koma jiƙo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce cikin masu cutar biyar, huɗu ba sa samun kulawar da ta dace.

Sai dai damuwa tana da nata hannun. Idan fargaba ta daɗe, jiki yana ta sakin sinadarin kotisol, barci ya lalace, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai hangen gobe ya raunana, buƙatar yau ta danne komai. A 2013 mujallar Science ta buga wani bincike kan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya: kafin girbi, aljihu a bushe, sakamakonsu a gwajin kaifin tunani ya faɗi, bayan kuɗi ya shigo kuma ya tashi. Magidancin da tun cire tallafin mai a Mayun 2023 yake kwana da lissafin kwanon masara da kuɗin makaranta, wa'azin "ka daure" bai cika shiga kunnensa ba.

To amma ai mutumin nan yana azumtar Ramadan, har mai shan sigari yana haƙura daga alfijir zuwa magariba. Kamun kan yana nan ke nan. Abin da ya sauƙaƙa shi shi ne lokaci ƙayyadadde da kuma cewa kowa yana yi.

Hukuncinmu: alhakin haɗiyar ƙwaya na majiyyaci ne, amma babban nauyin yana kan masu tsara kiwon lafiya. A ba wanda jininsa ya daidaita maganin wata uku a tashi ɗaya, a haɗa masa cikin ƙwaya guda inda likita ya ga ya dace, a ɗaura shan ta da sallar asuba, a sa wani a gida ya riƙa tuni. Inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta kuwa, jihohi su fara cusa maganin hawan jini cikinta kyauta ga marasa ƙarfi.