Zagayen hamadar Amurka bayan ritaya: A auna tafiyar da ƙarfin dattijo, ba da yawan wurare ba

A Amurka, burin ma'aikata da dama idan sun yi ritaya shi ne su ɗauki mota su zaga hamada da kwazazzaban jihohin Arizona da Yuta. Sananniyar hanya ce: a tashi daga Las Vegas, a bi ta gandun Zion da na Bryce Canyon, a sauka garin Page, sannan a ƙare a Grand Canyon, katafaren kwazazzabon da Kogin Kolorado ya haƙa, mai tsawon kilomita 446 da zurfin da ya haura kilomita ɗaya da rabi.

Duk ɗanmu da ke zaune a can tare da iyayensa, ko shi kansa ya kai shekarun fansho, ya dace ya yi tunanin wannan tafiya. Dattijon da ya shekara talatin yana aiki ya cancanci ya ga duniya, ba sai tafiyar asibiti ko ta gaisuwar mutuwa kaɗai ba.

Sai dai ina da ja a kan yadda ake tsara ta. Jadawalin da ya cika intanet, na wurare biyar cikin kwana biyar, na matasa ne. A ganina, tafiyar mai shekara 65 ko 70 ana gina ta ne a kan abin da jikinsa zai ɗauka. Idan hakan na nufin a bar rabin wuraren, a bar su.

Tudu ya fi zafi yaudara

Bahaushe zai ce ai mun saba da rana. Gaskiya ne, amma abin da ba mu saba da shi ba shi ne tudu. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, Jos kuma kusan mita 1,200 ce. Gefen kudu na Grand Canyon, inda mafi yawan baƙi ke zuwa, yana kan kimanin mita 2,100. Wuri mafi tudu a kan titin Bryce ya haura mita 2,700, wato ya fi Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya.

A irin wannan tudu iskar da mutum ke shaƙa tana da ƙarancin ƙarfi, zuciya na ƙara aiki, 'yar gajeriyar tafiya ta sa mutum haki. Mota kuwa kan kai mutum can cikin awoyi kaɗan, jiki bai samu damar sabawa ba. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko matsalar numfashi ya ga likitansa kafin a biya kuɗin masauki, a faɗa wa likitan tsayin wuraren da za a je.

Dabarar ita ce a hau a hankali. Ƙasan kwarin Zion kusan daidai yake da tsayin Jos, don haka kwana biyu ko uku a can shiri ne mai kyau kafin a haura Bryce.

Zafin ma ba abin rainawa ba ne. A 2023 birnin Phoenix ya yi kwana 31 a jere zafi na kaiwa digiri 43 ko fiye. Iskar yankin busasshiya ce, gumi na bushewa kafin a gan shi, kuma tsofaffi ba sa saurin jin ƙishirwa. Wasu magungunan hawan jini ma suna ƙara fitar da ruwa daga jiki. A riƙa shan ruwa a kai a kai ba sai an ji ƙishi ba, kuma kada a bar magani, musamman allurar masu ciwon suga, a cikin motar da aka ajiye a rana.

Lokacin tafiya shi ne rabin shiri

Watannin Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, su ne suka fi dacewa. Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba damina ce a yankin, ruwa kan sauko da tsawa ba shiri. Ruwan da aka yi a nesa na iya cika siririn kwazazzabo cikin mintuna, ko da sama tana garau a inda kake. A watan Agustan 1997 irin wannan ambaliya ta kashe 'yan yawon buɗe ido 11 a Antelope Canyon, kusa da Page.

A tafi da rigar sanyi kuma. A Bryce, ko a Mayu da Oktoba ruwa na iya daskarewa da dare.

Kwana goma, masauki huɗu

Zagayen gaba ɗaya kusan kilomita 1,300 ne, ya fi nisan Kano zuwa Legas. Shawarata: kwana uku a Zion, biyu a Bryce, biyu a Page, uku a Grand Canyon. Kada tuƙin yini ya wuce awa uku, a tsaya kowace awa a miƙe ƙafa, kuma a isa masauki kafin rana ta faɗi saboda barewa da shanu da ke tsallaka titi. Zangon ƙarshe na komawa Las Vegas, mai kimanin kilomita 450, a raba shi biyu a kwana a Williams ko Kingman.

Abin daɗin shi ne, mafi kyawun abin kallo a wuraren nan ba ya buƙatar hawan dutse. A Zion akwai motocin bas na kyauta da ke shiga kwarin, da shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa a bakin kogi. A Bryce ana tsayar da mota daf da wuraren leƙe. A Grand Canyon ma akwai bas na kyauta, kuma wani sashe na hanyar bakin kwazazzabon a shimfiɗe yake, har keken marasa lafiya na bi. Wanda tuƙi ya ishe shi zai iya hawa jirgin ƙasa daga Williams, layin da aka buɗe tun 1901.

Akwai kuma wuraren da hoto ke ɓoye wahalarsu. Horseshoe Bend tafiyar kusan kilomita biyu da rabi ce zuwa da dawowa, inuwa kaɗan, don haka sai da sassafe. Antelope Canyon na cikin ƙasar al'ummar Nabaho, ba a shiga sai da ɗan jagoransu, kuma sashen ƙasa yana da matakalai masu tsayi. A tambaya dalla-dalla kafin a biya. Gangarawa cikin Grand Canyon kuwa, saukar ce mai sauƙi, dawowar ita ce ke kayar da har matasa.

Ƙananan abubuwa masu ɓata tafiya

Agogo na rikita baƙi. Arizona ba ta sauya lokaci da bazara, amma Yuta da yankin Nabaho suna sauyawa, don haka a tabbatar da agogon da masu jagora ke bi. Sabis ɗin waya na ɗaukewa a wurare da yawa, a sauke taswira tun daga gari, a cika tanki da zarar ya kai rabi. Babban asibiti mafi kusa da gefen kudu na Grand Canyon yana Flagstaff, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, kuma jinya a Amurka ba inshora na iya cinye abin da mutum ya tara.

Ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin da ya kai shekara 62 na iya sayen katin shiga gandayen tarayya na tsawon rai kan dala 80. Baƙo mai ziyara ba ya cikin wannan rangwame.

Na san abin da wasu za su ce: tafiyar tana da tsada, wataƙila sau ɗaya za a yi ta a rayuwa, me zai sa a bar Monument Valley ko Arches? Hujja ce mai nauyi. Amma dattijon da aka kwasa daga masauki zuwa masauki kullum, a rana ta huɗu barci yake yi a kujerar baya yayin da ake wuce abin da aka biya kuɗi domin ya gani. Kuma gajiya ce ke kawo tuntuɓe, faɗuwa ɗaya kuwa ta isa ta mayar da hutu jinya.

Sannu ba ta hana zuwa. Kafin a buɗe taswira, a zauna da Baba da Mama a tambaye su nisan da za su iya takawa ba tare da hutu ba, da awa nawa za su iya zama a mota. Amsarsu ita ce jadawalin tafiyar.