Mak 4 ko Mausa: Muhawarar harsashin da ba za ta tsare Bici ba

Tun da 'yan bindiga suka fara tsallako iyakar Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, hirar majalisu a ƙasar Bici ta sauya. A teburin mai shayi, a tasha, a rumfunan kasuwar Badume, zancen bindiga ake yi. Wannan ya ce Mak 4 ta mazan jiya ba ta da sa'a, wancan ya ce Mausa ta Jamus ta fi ta nisa, wani ya kawo ta Faransa. Ƙarshen hirar dai ɗaya ne: a samo wa 'yan sa-kai irin waɗannan tsofaffin bindigogi, tunda ba a ba su na zamani.

Tsoron da ya haifi wannan magana gaskiya ne. Amma kafin a yanke shawara, ya kamata a san abin da ake magana a kai.

Bindigogi huɗu, harsashi huɗu

Dukkansu masu sakata ne: kana harbi ɗaya, sai ka ja sakatar da hannu, kwanso ya fita, sabon harsashi ya shiga.

Wadda muka fi sani ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashin .303, wato faɗin kusan milimita 7.7. Shi ne harsashin sojan Ingila tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Da wannan bindiga mazan jiya na Runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma 'yan sandan Najeriya sun daɗe suna rataye da ita bayan samun 'yancin kai. Tana ɗaukar harsashi 10. Nauyin kan harsashin ya kai kimanin giram 11, yana fita da gudun kusan mita 740 a daƙiƙa.

Mausa ta Jamus, samfurin 1935, tana cin 7.92. Kan harsashinta ya fi nauyi, kusan giram 13, gudunsa kuma kimanin mita 760, amma biyar kacal take ɗauka. MAS-36 ta Faransa, wadda ta bi sojojin Faransa zuwa ƙasashen da suka mallaka, tana cin 7.5, mai nauyin giram 9 da gudun da ya haura mita 800. Sai Mosin-Nagant ta Rasha, wadda aka fara ƙerawa a 1891, mai cin dogon 7.62. Waɗannan biyun ma biyar-biyar suke ɗauka.

Duk wanda ya duba alƙaluman nan zai ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya fi gudu ya rage nauyi. Abin da Mak 4 ta fi sauran da shi a fili shi ne yawan harsashi da saurin jan sakata.

Inda suka haɗu shi ne abin tsoro

An ƙera su ne don buɗaɗɗen fagen yaƙi, inda soja zai harbi abokin gaba daga nesa. Ma'aunin saiti na tsohuwar Lee-Enfield ya kai yadi 2,000, kusan mita 1,800, kuma harsashin da ya kuskure yana iya wuce haka nesa ba kusa ba, da sauran ƙarfin kisa a jikinsa.

To, mu dubi ƙasar Bici. Gona na jingine da gona, unguwa na kallon unguwa. Ina za ka tsaya ka miƙa hannu, ka yi tafiyar kilomita biyu ba ka ci karo da gida ko rijiya ko makarantar allo ko turken dabbobi ba? Da damina gero da dawa sun fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke bayansu. Dangar kara ba ta tare irin wannan harsashi, ƙofar kwano ma haka. Matashin da ya firgita cikin dare ya saki harbi, mai yiwuwa ɓarawon ya tsira, amma a wayi gari ana makoki a unguwar gaba.

Kuma ko a wajen arangama, lissafin bai fita ba. Ƙwararren sojan Ingila ana horar da shi ya yi harbi 15 masu saiti a minti ɗaya. Wanda ke riƙe da AK-47 yana da harsashi 30 da zai iya zazzagewa cikin 'yan daƙiƙu. Duk girman .303, ba zai cike wannan giɓi ba.

Tsufa da ruɗani

Bindigar da ta shekara 70 ko 80, ba wanda ya san tsatsar da ta ci cikinta sai maƙerin da ya ƙware. Harsashin da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan mai shi ya sauke bindigar yana dubawa.

Ga kuma ruɗanin suna. Aƙalla harsashi uku ne ke amsa 7.62: gajeren na AK, na bindigar G3 da FN da sojojinmu suka riƙe, da dogon na Rasha. Babu wanda ke maye gurbin wani. Wanda ya cusa wa bindiga harsashin da ba nata ba, fuskarsa da yatsunsa ya sa a caca.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta 1959 ta ambaci bindigogin soja masu cin .303 da 7.62 da sunansu a jerin haramtattun makamai. Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu, kuma hukuncin riƙe su ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ba ɗaya suke da bindigar toka ta maharba ba. Saboda haka mai kuɗin da ya saya wa yaran unguwa Mak 4 da sunan taimako, gidan yari ya nuna musu. Sannan kuɗinsa ya tafi aljihun dillalan da su ne dai ke sayar wa 'yan bindigar.

"To, mu zauna a yanka mu?"

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma gwamnati ce ya kamata ta amsa ta. Wanda aka kore wa shanun noma ko aka ɗauke masa iyali ba ya buƙatar wa'azin doka. Sai dai gudun gara ba ya sa a faɗa gidan zago. Mun ga yadda a Zamfara makami a hannun 'yan sa-kai marasa horo ya zama silar ramuwar gayya da har yau ba a ga ƙarshenta ba.

Abin da ya kamata mu matsa a kai a bayyane yake. A girke jami'an tsaro na dindindin a ƙauyukan iyaka, ba masu zuwa bayan an gama ɓarna ba. Idan za a yi amfani da matasan gari, a tantance su ta hannun dagatai da masu unguwanni, a horar da su, a biya su, a san wanda zai amsa tambaya kan kowane harsashi, kamar tsarin da Katsina ta ƙaddamar a 2023. A gyara hanyoyin karkara da layin waya, don kiran gaggawa ya isa kuma mota ta iso. Mu kuma mu riƙe namu makamin da ya fi kowanne kaifi, wato sanin baƙon fuska da kai rahoto da wuri.

Wanda ya gaji tsohuwar bindiga a ɗakin kakansa, ya miƙa ta ga hukuma ta hannun mai gari. Masu tarihi cikinsu, wurinsu Gidan Makama, inda jikoki za su ga abin da mazan jiya suka riƙe a dajin Bama. Allah Ya tsare mana ƙasarmu, Ya ba mu damina mai albarka.